Tarihin Rawaya, Furen Fako Da Gindin Dutse

In aka tambayi yaro ɗan aji biyu launin gwaiduwar ƙwai, ko na furen kabewa, nan da nan zai ce rawaya ne. In aka ƙara tambayarsa, "To, mece ce rawaya?" sai ya ce, "Launi mana!" Gaskiyarsa, amma rabin amsa ya kawo. Tun kalman nan ba ta zama sunan launi ba, rawaya tsiro ce ta daji, mai fure da saiwa da 'ya'ya. Daga jikinta kakanninmu suka ɗauki sunan suka ba launin. Yau ga shi kowa na faɗin sunan safe da yamma, amma a cikin aji guda da ƙyar a sami yaro ɗaya wanda zai iya nuna mai sunan a daji.

Ku duba yadda Hausa ta ke kiran launuka, za ku ga abin da mu ke nufi. Fari da baƙi da ja su ne manya, suna tsaye da ƙafafunsu. Sauran kuwa yawancinsu aro ne daga abin da ido ya saba gani, kamar su ruwan toka, da ruwan ƙasa, da ruwan goro, da ruwan ɗorawa. Dukansu sai an sa musu "ruwan" a gaba, don a nuna kwatanci a ke yi. Rawaya kuwa ta wuce nan, ba ta bukatar ɗan rakiya, ita kaɗai a ke kira a gane. Kalma ba ta kai ga wannan matsayi sai ta daɗe ƙwarai a bakin mutane, sai kuma abin da ta ke nufi ya zama yana shiga gidan kowa. Ashe harshenmu da kansa shi ne shaidar farko a kan tsufan zumuncin Bahaushe da wannan tsiro. Tarihin zumuncin nan mu ke so mu ba ku yau, ku 'yan makaranta.

Inda Ta Ke Fita

Mu nan Mashi, garin Iyan Katsina, bisa hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Daura, ba mu cikin masu manyan duwatsu. Wanda ya ke son ganin tsaunuka sosai sai ya tafi Jos, inda ƙasar kanta ta ɗaga sama wajen ƙafa 4,000, ko ya zarce Gashaka, inda dutsen Chappal Waddi ya ke, wanda ya fi kowane dutse na Nijeriya tsawo, ya kusa ƙafa 8,000. Tamu ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa ta fi yawa, sai fadamu nan da can. Amma tsakaninsu akwai fako, da tudun marmara, da wuraren tsakuwa, da 'yan duwatsun da suka leƙo daga ƙasa. Irin wuraren nan da manomi ya ke ratsewa ya bari, su ne gidan rawaya a ƙasar Hausa.

Masana tsire-tsire sun bi sawunta tun daga Sanagal a yamma, ta Mali da Barkina Faso da Nijar da Nijeriya da Cadi, har Sudan a gabas. Sun same ta daga ƙasar da ta ɗara teku da ƙafa 1,000 har zuwa gangaren duwatsu masu ƙafa 5,000. Ko'ina kuwa halinta ɗaya ne. Tana son sarari da rana, tana son ƙasa mai duwatsu wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, ta fi kuma yawa a dajin da wuta ta ke ci kowace shekara. Ba ta shiga kurmi, don inuwa ba ta karɓe ta ba.

Dalilin wannan zaɓi ba wuya a gane shi. A ƙasa mai taki, ciyawa da itatuwa suna rige-rigen tsawo, gajere ba ya samun rana. A kan marmara kuwa masu gasa kaɗan ne, wanda duk ya iya jure ƙishirwa da wuta, fili ya zama nasa.

Kamanninta Da Dabararta

Rawaya iri biyu ce a ƙasashenmu, ƙarama da babba, sunayensu kuwa sun cuɗe. Ana ce musu rawaya, ana cewa balagande, ko balge, ko kyamba, wani gari ya ba wannan suna kaza, wani garin ya ba waccan. Ƙaramar ita ce ta ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu, ita za mu fi tsayawa a kai.

Da damina, in ka gan ta ba za ka kula ba. 'Yan karare ne su ke fitowa daga ƙasa, tsawonsu bai cika wuce ƙafa biyu da rabi ba. Ganyen a tsattsage ya ke kamar yatsun hannu, tsaga uku ko biyar, mai kama da na rogo. Ba fure, ba ado, tana nan cikin ciyawa kamar baƙon da ba a san da zuwansa ba. Amma aiki ta ke yi. Ganyen nan yana haɗa hasken rana da iska da ruwa, yana yin abinci, yana aika shi ƙasa. Can ƙarƙashi akwai wata saiwa mai kauri da tauri, bayanta ruwan ƙasa, in an sare ta cikinta rawaya ne har ya ɗauko ja-ja. Mu saiwa mu ke ce mata, amma masana sun nuna samanta kara ne da ya ɓuya cikin ƙasa, shi ya sa ya ke da idanun da su ke toho, kamar na gwaza ko na citta. Nan ne rumbunta.

Kaka na wucewa sai kararen su bushe. Wuta ta zo ta lashe su tare da ciyawa, daji ya koma baƙi ƙirin. Zafin wutar daji kuwa sama ya ke tashi, ba ya nitsa ƙasa da nisa, saboda haka rumbun nan ba abin da ya ke samunsa. Ba a daɗewa sai abin mamaki ya bayyana. Tsakiyar rani, sa'ad da ba ɗigon ruwa, sai furanni su ɓullo daga cikin toka, daf da ƙasa, ba ganye ko ɗaya tare da su, kamar wani ya bi ya zubar da su. Faɗin kowane fure wajen inci uku ne, kunnuwansa biyar, rawaya shar, tsakiyarsa cike da 'yan siraran zaruruwa masu yawa, kowane da 'yar jakar gari a kansa. Jakunkunan nan ta wata 'yar ƙofa a baki su ke buɗewa, garin ba ya zuba sai manyan ƙudajen zuma sun sauka sun girgiza su da gunjinsu. Su ne su ke kwasar garin daga wannan fure zuwa wancan, har a sami 'ya'ya.

To, ku lura da dabarar. Da ta yi fure da damina, da ciyawa ta rufe ta, da kuma furanni dubu suna kiran ƙudan zuma tare da ita. Sai ta haƙura, ta tara guzuri, ta jira ranar da kasuwa ta watse ta baje kolinta ita kaɗai. Mai haƙuri ya kan dafa dutse.

Bayan fure sai kwanso ya fito, kamar ƙaramin ƙwai. In ya bushe ya tsage, sai a ga 'ya'ya baƙaƙe a lanƙwashe, kowane lulluɓe da farin gashi mai laushi irin audugar rimi. Iskar bazara ta kwashe su ta watsa, damina ta faɗi a kansu.

Babbar kuwa ta kan kai tsawon mutum, har ta fi. Ganyenta bai tsage da zurfi ba, bayansa fari-fari ne, ita kuma da damina ta ke fure, a kan rassa, da ganyenta. Ta fi yawa kudu da mu, inda ruwa ya fi sauka.

Zamanin Marina

A da, duk launin da ke jikin tufa ko fata ko tabarma a ƙasar Hausa, daga gona ko daji ya fito. Baba ya ba da shuɗi da baƙi, karan dafi ya ba da jan da dukawa su ke rina fata, rawaya ta ba da nata. Aikinta ba wuya. A haƙo saiwa, a kankare, a daka ta ɗanya ko a shanya a mai da ita gari, a zuba a ruwa a tafasa, a tsoma zare. Masaƙa suna ratsa zaren nan cikin saƙa, masu tabarma da faifai suna rina kaba da shi. In aka haɗa shi da shuɗin baba kuma sai a sami kore.

Kada mu ba ta girman da ba nata ba. Baba shi ne sarkin rini, shi a ke haƙa wa karofi, shi ya kai sunan Kano nesa. Bature matafiyin nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina cikin Janairu 1851, ya shiga Kano cikin Fabrairu. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma kimanta abin da a ke fitarwa kowace shekara bai kasa na wuri miliyan 300 ba. Yawancin wannan aikin baba ne. Amma rinin baba sana'a ce ta gwanaye, sai mai rami da jari. Rawaya kuwa tukunya guda ta ishe ta, tsohuwa a ƙauye ta iya, yaro makiyayi ya san inda ta ke. Watau baba na kasuwa ne da fatake, rawaya ta cikin gida ce. Shi ya sa sunanta ya zauna a baki.

Hannunta bai tsaya ga tufa ba. Ana sa garinta a man kaɗe da man girki, ya ba su launi da ɗan ƙanshi. A ƙasar da kwakwar manja ba ta fita, ita ce ta ke gyara fuskar miya, har yanzu kuwa a wajajen Sakkwato da Kabi da Zamfara ana sa garin nan a tukunya. Abin da ya ke ba ta launi dangin wanda ke cikin karas da manja ne. Audugar 'ya'yanta kuma a kan cusa a matashin kai.

Wajen magani, an fi saninta da shawara. Masu magani daga Sanagal har ƙasar Hausa suna jiƙa saiwar ko su dafa ta su ba wanda idonsa ya yi rawaya. Masana sun gwada ruwanta a jikin ɓeraye, sun ga alamar tana kāre hanta daga waɗansu guba. Amma ku riƙe wannan da kyau: gwajin ɓera dabam, warkar da mutum dabam. Shawara kuwa alama ce, cututtukan da ke kawo ta suna da yawa, akwai ciwon hanta iri-iri, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai toshewar hanyar matsarmama, kowane da nasa magani. Wanda idonsa ya sāke, ko na jaririnsa, asibiti ya kamata ya fara nufa a auna jini.

Yadda Ta Shiga Littattafai

Cikin 1753 wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya fitar da littafin da ya kafa ƙa'idar ba kowane tsiro suna biyu da Latin, na farko na dangi, na biyu na kansa, don malamin Masar da na Ingila da na Sin su san abu guda su ke magana a kai. Daga nan masana suka bazu duniya suna tara ganyaye da furanni. Wani daga cikinsu, Perrottet, wanda Faransa ta aika Sanagal, ya zauna can daga 1824 zuwa 1829, ya koma da tsire-tsire masu yawa a busashe. Cikin 1831 aka buga bayanin ƙaramar rawaya a birnin Faris, aka raɗa mata suna Cochlospermum tinctorium.

Sunan da nauyi a baki, amma in an fasa shi ba wuya. Kalma ta fari daga Girkanci ta ke, ma'anarta iri mai kama da dodon koɗi, saboda lanƙwasar 'ya'yan. Ta biyu Latin ce, ma'anarta abin marina. Kun ga ashe baƙin nan ba su ƙago kome ba game da amfaninta. Abin da suka tarar mutanen ƙasa suna yi, shi suka rubuta a sunan. Babbar kuwa an buga nata suna cikin 1847, Cochlospermum planchonii, don girmama wani masani Bafaranshe, Planchon, wanda ya yi aiki a Kew ta Ingila.

Da aka jera tsire-tsiren duniya gefe da gefe, sai aka ga rawayarmu tana da 'yan'uwa nesa. A Indiya akwai wata wadda ta zama itace sosai, ana samun ƙaro a jikinta, ana kai furanninta ɗakunan ibada. A Angola akwai wata, borututu, su ma ciwon hanta su ke sha mata. Akwai waɗansu a Amurka ta Kudu da arewacin Ostareliya. Wata 'yar'uwarsu ta nesa kuma, annato, da jan 'ya'yanta a ke gyara launin cuku da man shanu a Turai, kamar yadda uwayenmu su ke yi wa man kaɗe.

Wanda ya haɗa sunan Latin da namu na Hausa, wani likita ne mutumin Sikotlan, Dalziel. Ya zo aikin asibiti Nijeriya ta Arewa cikin 1905, ya zauna wurare kamar Katagum da Sakkwato, yana tara tsire-tsire yana tambayar sunayensu. Cikin 1916 ya fitar da littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, rawaya da balagande suna ciki. Cikin 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa na tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Ku tambayi kanku, wa ya gaya masa? Manoma ne, da maharba, da makiyaya, da wanzamai, da tsofaffin mata. Shi ya riƙe alƙalami, ya kuwa kyauta, amma ilmin na kakanninku ne.

Abin Da Ya Ja Ta Baya

Abu na fari daga nesa ya taso. Cikin 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin daga kwaltar gawayin ƙasa, sai ya dace da wani launi maimakon magani. Daga nan aka buɗe ƙofar rinin masana'anta. Cikin 1897 Jamusawa suka fara sayar da shuɗin da ba a noma ba. Sannu a hankali galura ta cika kasuwanninmu, ga araha, ga haske, ba haƙa ba daka. Wa zai ɗauki gatari ya tafi fako alhali ga ƙulli a tebur? Baba da kansa ya ji jiki, balle rawaya.

Na biyu, daji ya ragu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga sharar sababbin gonaki a ƙasashen Kano da Katsina da Daura. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, saurar da a ke bari ta huta shekaru aka daina bari, har fakon da a da a ke ƙi aka sa masa garma. Ga farin 1973 da na 1984, waɗanda suka kashe itatuwa da dabbobi a arewacin ƙasar nan. Rawaya ta iya da wuta, ta iya da rani, amma ba ta iya da garmar da ta ke tumɓuke rumbunta ba.

Na uku, abin da a ke so a jikinta shi ne ranta. Mai tsinkar ganyen kuka ya kan bar kuka a tsaye, mai haƙar rawaya kuwa in bai yi hankali ba ya tafi da ita ɗungum. A arewacin Jamhuriyar Benin, inda garinta ya ke da kasuwa ƙwarai, masana sun yi kashedi a kan yawan haƙar. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin Da Ya Rage Gare Ku

Gwamnati tana dashen itatuwa don tare hamada, Jihar Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Aiki ne mai kyau. Amma mai dashe dogon itace ya ke dubawa, ba safai ya kan tuna da abin da bai kai gwiwa ba. Ƙananan nan sai wanda ya san su ya tsaya musu, ba kuwa mai tsaya wa abin da bai sani ba.

Saboda haka ga aikin da mu ke ba ku. In an yi hutu kun koma ƙauyukanku, ku sami tsoho ko tsohuwa, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su inda rawaya ta ke fita, da sunan da su ke kiranta, da abin da a ke yi da ita a zamaninsu. Ku rubuta yadda suka faɗa. In kun same ta, kada ku haƙa. Ku tsinki fure guda da rani, ganye guda da damina, ku shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, ku danne da dutse har su bushe, sa'an nan ku manna a littafi, ku rubuta wuri da wata da irin ƙasar. Haka masana su ke yi, ba wani asiri. In kun tarar da kwanso ya nuna, ku kawo 'ya'yan makaranta. Ɓawonsu da tauri, sai a ɗan goga su a dutse, a shuka a gefen lambu da farkon damina, wajen da ruwa ba ya kwanciya. Wanda kuma larura ta sa ya haƙa, ku roƙe shi ya ɗebi gefe, ya bar sashen da ke da idanu, ya mai da ƙasa ya rufe.

Ba mu ce ku bar galura ku koma daka saiwa ba, kowane zamani da kayansa. Amma abin kunya ne a ce ɗan Sikotlan ya ratso teku ya koyi sunayen ciyayinmu ya rubuta, mu kuwa da aka haifa a cikinsu mu tashi ba mu san su ba. Kakanninku sun bar muku kalmar da tsiron tare. Ku yi ƙoƙari ku miƙa wa na bayanku su biyun, kada wata rana jikokinku su riƙa cewa rawaya, a neme ta a fako a rasa. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin.